Daga Nono Zuwa Cokali: Abincin Farko na Jariri da Hatsarin da Ke Ɓoye

Gabatarwa

Ranar da aka soma sa cokali a bakin jariri rana ce ta murna a gida, amma daga ranar ne kuma yaro yakan shiga lokacin da ya fi hatsari ga girmansa. Tsakanin wata 6 da wata 24 ne yawancin yara sukan rame, su tsumbure, ko su yi ta fama da zawo. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa amfanin gonar Kafanchan da kewayenta ya isa ya rayar da yaro, muddin an ba shi a kan kari, da kauri, da tsabta, kuma daga hatsin da bai lalace ba.

Yaushe za a fara?

Tun shekara ta 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shayar da jariri nono zalla har wata 6, ba tare da ko ruwa ba. Daga nan nono kaɗai ba ya ƙosar da jiki, gama sinadarin ƙarfe da aka haifi yaro da shi ya soma ƙarewa, ƙarancin jini kuwa yana bakin ƙofa. Fara abinci dabam yake da yaye, domin nono zai ci gaba har shekara 2 ko fiye.

Akan fara da cokali 2 ko 3, sau biyu a rana, ana ƙarawa sannu a hankali. Daga wata 6 zuwa 8 yaro zai ci sau 2 ko 3 a rana. Daga wata 9 zuwa 23 kuwa sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani.

Koko kaɗai bai isa ba

Cikin jariri ƙarami ne. In aka cika shi da koko tsararo, yaro ya ƙoshi da ruwa ne, jikinsa kuwa yana jin yunwa. Kunun da ya dace shi ne mai kaurin da zai zauna a cokali ba ya tsiyaya.

Kudancin Kaduna ba ta rasa abin haɗawa ba. Akwai acca, da masara, da dawa, da gero. Akwai gyaɗa da wake, ga waken soya wanda matan Kafanchan suka yi suna wajen mai da shi daddawa. In aka soya hatsi da waken soya da gyaɗa aka niƙa su tare, akan sami garin kunu mai gina jiki. Faten acca da aka sa masa ganye, da manja, da garin busasshen kifi, ya fi koko nesa ba kusa ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta nanata cewa yaro ya sami ƙwai, ko kifi, ko nama kowace rana, tare da ganye da 'ya'yan itace irin su gwanda, da mangwaro, da ayaba. Zancen da ake yi cewa ƙwai yana koya wa yaro sata camfi ne kawai.

Gubar da ke cikin rumbu

Hatsarin da ya fi girma ido ba ya cika ganinsa. Masara da gyaɗar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna, wata irin fumfuna kuwa tana haifar da guba mai suna afilatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Wani bincike da aka buga a 2002 a kan yara 480 a ƙasashen Benin da Togo ya nuna cewa yaran da aka yaye sun fi masu shan nono yawan gubar a jini, waɗanda suka fi yawanta kuma su ne suka fi tsumburewa. Tana kuma jawo sankarar hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe ta.

Wannan ya shafi yankin Kafanchan ƙwarai, domin sau da yawa masara takan nuna tun damina ba ta ɗauke ba. Saboda haka a shanya amfanin gona a kan tamfol ko daɓe har ya bushe sarai, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Kafin a kai niƙa a tsince duk ƙwayar da ta canza launi, ta yanƙwane, ko ƙwari suka huda, a zubar. Kada a mai da ragowar gyaɗa mai arha garin kunun yaro. Ga manoma kuma, cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda akan watsa a gona mako 2 zuwa 3 kafin masara ko gyaɗa ta yi fure.

Zawo ba na haƙori ba ne

Da yake haƙori yakan soma fitowa daidai lokacin fara abinci, akan ɗora masa laifin zawo. Ainihin dalili kuwa shi ne ƙazantar hannu, da ruwa, da kwano. A wanke hannu da sabulu, a yi amfani da kofi da cokali maimakon bulumboti mai wuyar wankewa, kada kuma a ba yaro kunun da ya wuce awa 2 a ajiye sai an sake tafasa shi. In zawo ya zo, a ba da ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, a ci gaba da nono, a nufi asibiti.

Neman maganin haƙori ya taɓa jawo babban makoki. A ƙarshen 2008 wani magani mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Nijeriya, wasunsu a Zariya. Fitar haƙori ba cuta ba ce da ke bukatar kwalba.

Na gwangwani da na gargajiya

Wanda zai sayi abincin gwangwani ya duba lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da jerin abin da ke ciki. A 2024 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta ba da rahoton cewa ana ƙara sukari a Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe irin su Nijeriya. Tsada ba ita ce shaidar inganci ba.

Haka nan, kada a ba yaro zuma kafin ya cika wata 12, gama tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Gyaɗa gudaguda tana shaƙe yaro, sai dai a niƙa. Ɗura kuwa, wato danna wa yaro kunu yana kuka, tana iya tura abinci cikin huhu. Haƙuri da lallashi sun fi ta.

Kammalawa

Wannan aiki ba na uwa kaɗai ba ne. Mahaifi ne yakan shanya masara ya gyara rumbu, kaka ce takan riƙe yaro sa'ad da uwa ta tafi gona ko kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da yaro ya rasa a shekaru biyun farko da wuya a mayar masa daga baya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin fara ba da abinci da yaye?
2. Waɗanne abubuwa uku daga gonar gida za a ƙara wa kunun yaro?
3. Yaya ake shanya da adana masara da gyaɗa a yankinku, me kuma ya kamata a gyara?
4. Ta wace hanya uwa za ta yi wa kaka bayani cikin ladabi a kan zuma da ɗura?