Nasiha Ga Mai Son Haɗa Allo Biyu Da Kwamfuta Ɗaya

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kai ɗalibi ne a Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, ko magatakarda a Argungu, ko malami mai kwafar littattafan Shehu Abdullahi na Gwandu, ka sani cewa allo na biyu yana da fa'ida babba, domin idan hoton asalin rubutu yana gefe guda, abin da kake bugawa yana ɗaya gefen, kuskure zai ragu, tahƙiƙi kuma ya yi sauƙi.

Sharaɗin farko shi ne ka duba kafar da ke jikin na'urarka, HDMI ce ko VGA, kafin ka sayi waya. Bayan ka haɗa, sai ka danna maɓallin Windows tare da harafin P, ka zaɓi faɗaɗawa, saboda maimaitawa abu guda take nunawa a alluna biyun. Ka daidaita tsayinsu da idonka, ka kauce wa hasken taga, ka lulluɓe su daga ƙurar hunturu, sa'an nan, tun da wutar lantarki takan zo da ƙarfi bagatatan, kada ka yi sakaci da na'urar daidaita wuta. Allah ya sa albarka a aikinka.