Darasi: Wasan Ban Dariya da Wasan Ban Tausayi

Da yake matasanmu sukan shirya wasan kwaikwayo lokacin Kirsimeti da Ista, ya kyautu mu san kalmomin da masana ke amfani da su wajen nazarinsa. Saƙon da wasa ke ɗauke da shi shi ne jigo. Yadda aka jera al'amura, wannan ya haifi wancan, shi ne zubi. Ana raba wasa kashi-kashi, kowane kashi kuma fitowa-fitowa. Wanda labarin ya rataya a wuyansa shi ne tauraro. Waɗannan ba su da wuya. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen bambanta manyan rassan nan biyu.

Wasan ban dariya ba baƙonmu ba ne. Mun ga tashen yaran maƙwabtanmu da azumi, manyanmu kuma ba su manta da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi ba. Amma a wurin masana, ba dariya kaɗai ke sa a kira wasa da wannan suna ba, ƙarshensa ake dubawa. Ana farawa da ruɗami, a ƙare da sulhu ko biki, wanda ya yi wauta ya sha kunya amma bai halaka ba. Shi ya sa Dante, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1321, ya sa wa babbar waƙarsa sunan wannan reshe, ko da yake ta fara da Jahannama, domin a Aljanna ta ƙare.

Wasan ban tausayi kuwa, Aristotil na ƙasar Girka ne ya shimfiɗa bayaninsa fiye da shekara 300 kafin haihuwar Almasihu. A ganinsa, tauraron irin wannan wasa ba waliyyi ba ne, ba kuma tantirin mugu ba. Mutum ne kamarmu, wanda kuskurensa ya kai shi ƙasa. Ya ambaci juyin al'amari, wato lokacin da abin da mutum ya yi don ya tsira ya zama shi ne ajalinsa. Ya ambaci ganewa, sa'ad da idonsa ya buɗe bayan bakin alƙalami ya bushe. Misalin da ya fi so shi ne Sarki Odifus na Sofokilis, wanda ya dage sai ya gano wanda ya kashe tsohon sarki, ashe shi ne da kansa, mamacin kuma mahaifinsa. Mai kallo yakan ji tausayi da tsoro, ya tashi zuciyarsa ta yi sauƙi. Wannan shi ake kira wankin zuciya.

A nan ne darasin ya shafe mu. Mu da ke Magajin Gari da kewayen dajin Kamuku mun san abin da 'yan bindiga suka yi a ƙasar Birnin Gwari shekara da shekaru, kuma dole matasa su so kawo shi dandali. To, a lura. Manomin da aka harbe a gonarsa bai yi kuskuren kome ba. Abin da ya same shi zalunci ne. Idan marubuci ya ƙaƙaba masa laifi don wai ya cika ƙa'idar Aristotil, ya tuna gwauruwarsa tana zaune a sahun gaba.

In ana neman tauraron da ya dace, ga shi kusa. A ɗauki saurayin da bashi ya yi wa katutu, ya sayar wa mutanen daji labarin motar da za ta bi hanyar Kaduna da asuba, yana cewa a ransa sau ɗaya ne kawai. Da yamma ya ji ƙanwarsa na cikin motar. Ga kuskure, ga juyin al'amari, ga ganewa, duk a fitowa uku. Ba a bukatar bindigar katako ko jan fenti. Girkawa ma galibi ba sa nuna kisa a dandali, ɗan aike ne ke shigowa ya ba da labari. A ganinmu wannan ya fi dacewa da jama'ar da ta ga abin da idonta.

Ɗan barkwanci a tsakiyar irin wannan wasa ba laifi ba ne, Shakisfiya ya sa masu haƙa kabari suna raha a cikin Hamlet. Sai dai a sa shi kafin fitowar ɗan aike, kada a sa bayanta.