Idan Sitiyarin Tsohuwar Mota Ya Fara Wasa

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan sitiyarin mota ne. Wani zai ce, "Ni manomi ne, ba ni da mota, ina ruwana da sitiyari?" To, tsaya ka ji. Ranar kasuwa mota kake shiga. Hatsinka a akori-kura ake ɗaukarsa. Idan mai ɗakinka ta fara naƙuda da dare, motar garinku za a nemo a kai ta asibiti. Ke nan lafiyar sitiyari ta shafi kowa.

Yawancin motocin da ke bin hanyoyin karkara tsofaffi ne. Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a can har 2006. Wadda aka yi a 1980, yau ta haura shekara 40. Land Rover kuwa tun 1948 aka fara yin ta a Ingila. Motoci ne masu ƙwari, amma yau da gobe ƙarfe ma yana cinyewa.

Mene Ne Wasan Sitiyari?

Idan direba ya murɗa sitiyari, ya kamata tayoyin gaba su juya nan take. Idan ya murɗa amma tayoyin suka yi jinkiri, sai mu ce sitiyari yana wasa. Wasan nan ba a jikin sitiyarin da kake riƙewa yake ba. Yana can ƙasa, a wata gaɓa da ta cinye. Aikinmu shi ne mu gano gaɓar, mu canja ta.

Yadda Sitiyari Yake Aiki

Daga sitiyari akwai dogon ƙarfe da ya gangara ƙasa. A Fijo 504, ƙarshen ƙarfen nan yana da haƙora da ke tura wata sanda mai haƙora hagu ko dama. Makanikai suna kiran wannan sanda rak. A tsohuwar Land Rover kuwa babu rak, akwatin sitiyari ne da wasu sanduna.

Daga rak ko akwati, akwai sandunan da suka nufi tayoyi. Su ne tairod. A kan kowace tairod akwai gaɓa, wato ƙwallon ƙarfe a cikin kwarmi, kamar gaɓar kafaɗar mutum. An zuba mata giris, an rufe ta da roba. Idan robar ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina sai su shiga. Yashi ya haɗu da giris ya riƙa cin ƙarfe, har ƙwallon ya yi sako-sako a cikin kwarminsa. Ranar da ya fice, taya ba ta ƙara jin umurnin direba. Motar za ta nufi inda ta ga dama, ko rami ko bishiya, da fasinjoji a ciki.

Alamomi Huɗu

1. Mota tana yawo a kan miƙaƙƙen titi, direba yana ta dawo da ita.
2. Ana jin ƙara ƙwas-ƙwas daga gaba idan an hau gargada.
3. Tayar gaba tana cinyewa ta gefe ɗaya.
4. Sitiyari yana karkarwa a hannu idan an ƙara gudu.

Kafin ka zargi kowace gaɓa, fara duba iskar tayoyi da notunansu. Taya mai ƙarancin iska ma tana sa mota yawo.

Gwaji Na Farko: Auna Wasan

Ajiye mota a wuri mai baje, tayoyin gaba suna duban gaba sosai. Ɗaura tsinken tsintsiya a gaban sitiyari, bakinsa yana nuna da'irar sitiyarin. Murɗa sitiyari hagu a hankali da yatsu biyu. Da zarar taya ta fara motsi, tsaya ka yi alama da alli daidai bakin tsinken. Sannan murɗa dama ka sake yin haka. Tazarar da ke tsakanin alamu biyun ita ce wasan.

A Ingila, masu binciken lafiyar motoci ba sa yarda wasan ya wuce milimita 13 a mota mai rak, ko milimita 75 a mota mai akwati. A awon gida, milimita 13 bai kai faɗin yatsa ɗaya ba, milimita 75 kuwa kusan faɗin yatsu huɗu ne. Motar da ta wuce haka, kada ta ɗauki fasinja sai an gyara ta.

Gwaji Na Biyu: Nemo Gaɓar

Wannan aikin mutum biyu ne. A ja birkin hannu, a sa weji a tayoyin baya. Tayoyin gaba su zauna a ƙasa, domin nauyin mota ne ke tona asirin gaɓa mai wasa. Yaron mota ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama. Kai kuma ka durƙusa da tocila, ka bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa.

Fara da mahaɗin da ke tsakanin dogon ƙarfen sitiyari da rak. A Fijo akwai faifan roba a wurin, kuma yakan tsattsage idan ya tsufa. Daga nan duba ƙusoshin da suka riƙe rak ko akwati a jikin mota. Idan akwatin yana motsi gaba ɗayansa, ƙusoshin ne suka kwance. Sannan ɗora hannu a kan kowace gaɓar tairod, amma kada ka cusa yatsa tsakanin ƙarafa. A gaɓa mai lafiya, ɓangarorin biyu suna motsi tare. Idan ɗaya ya motsa kafin ɗayan, ko ka ji ƙas-ƙas a tafin hannunka, to ka kama ɓarawon.

Gwaji Na Uku: Ɗaga Taya

Ɗaga taya da jak, ka tokare mota da ƙaƙƙarfan gungumen itace. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada kuma ka tokare ta da bulo, domin yana rugujewa.

Kama tayar ta gefen gaba da gefen baya ka jijjiga. Idan ta yi wasa, yawanci tairod ce. Sai kuma ka kama ta sama da ƙasa ka jijjiga. Idan ta yi wasa a nan, ko dai boris ɗin taya ne, ko babbar gaɓar da taya ke juyawa a kanta. Ga yadda za ka bambanta su: sa yaron mota ya taka birki, ka sake jijjigawa. Idan wasan ya ɓace, boris ne. Idan yana nan, gaɓar ce.

Yadda Ake Canja Kan Tairod

1. Cire taya, ka goge datti, ka zuba ɗan kananzir a notuna su yi laushi.
2. Sassauta notin da ya kulle kan tairod a jikin sandarsa.
3. Zare siririn ƙarfen da aka lanƙwasa don ya hana notin gaɓa kwancewa, sannan ka kwance notin.
4. Bugi gefen hannun ƙarfen da gaɓar ta shiga da guduma, har ta saki. Kada ka bugi kan ƙusar gaɓar, don zai baje.
5. Kwance tsohon kan kana ƙirga juyi. Rubuta adadin a takarda.
6. Gwada sabon da tsohon ka tabbata tsawonsu ɗaya. Ɗaura sabon da adadin juyin da ka rubuta.
7. Ɗaure notuna sosai, ka sa sabon siririn ƙarfe ka lanƙwasa. Idan notin mai roba ne a ciki, sa sabon da ya zo tare da kayan.
8. Kai mota wurin masu saita tayoyi. Ƙirgan juyi zai kai ka gareji ne kawai. Idan ba a saita ba, sabuwar taya za ta cinye da wuri.

Idan Mota Mai Akwati Ce

A jikin akwatin sitiyari akwai ƙusar saiti da notin da ke kulle ta. Kada a taɓa ta sai an tabbata duk gaɓoɓi lafiya suke. Ɗaga tayoyin gaba biyu, ka sa sitiyari a tsakiya. Sassauta notin, ka murɗa ƙusar kaɗan, kamar rubu'in juyi, ka gwada. Bayan haka juya sitiyari har ƙarshen hagu da ƙarshen dama. Idan ya cije a wani wuri, ka matse da yawa, sai ka sassauta. Sitiyarin da aka matse da yawa ba ya komawa tsakiya bayan kwana, kuma wannan ma haɗari ne. Duba man akwatin. Tsohuwar Land Rover man giya mai lamba 90 take sha a wurin.

Gyaran Da Ba Gyara Ba Ne

Akwai masu dukan kwarmin gaɓa da guduma don ya matse. Akwai masu cusa leda ko roba a ciki. Akwai masu yi wa sanda walda, ko su gasa ta da wuta su miƙar. Wasan zai ɓace na 'yan kwanaki, amma ƙarfen ya riga ya yi rauni, kuma ba ya sallama ranar da zai karye. Araha ba ta ado. Kuɗin sabon kan tairod bai kai kuɗin asibiti ba, balle ran mutum. Idan aikin ya fi ƙarfinka, kai wa ƙwararren makaniki, ka tsaya ka ga abin da ya cire da abin da ya sa.

Malam direba, duba robobin gaɓoɓi sau ɗaya a wata, da kuma ƙarshen kowace damina. Kai kuma fasinja, idan ka ga direba yana ta kaɗa sitiyari a kan miƙaƙƙen titi, yi masa magana cikin ladabi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Me ke faruwa idan robar gaɓa ta yage?
2. Yaya ake bambanta wasan boris da wasan gaɓa?
3. Don me ake ƙirga juyi lokacin cire kan tairod?
4. Faɗi abubuwa biyu da bai kamata a yi wa gaɓar da ta cinye ba.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.