Yadda Za Ka Koya wa Dokinka Tsayuwa Cikin Natsuwa

Wanda ya saba hawan sallah ya san sukuwa da zamiya a gaban sarki 'yan mintoci ne kawai. Sauran yinin duk jira ne: a jira tawagar hakimin da ke gaba ta wuce, a jira a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe a Kano, ko a Ƙofar Soro a Katsina, rana na duka, 'yan bindiga na harbi, algaita da kakaki na tashi. Amma sai ka ga matashi ya ɓata watanni yana koya wa ingarmansa rawa da taɓarya, bai taɓa ware safiya guda don koya masa tsayawa ba. Ranar hawa kuma dokin ya yi ta tono ƙasa da kofato, yana juya gindi cikin jama'a, har ya taka ɗan wani.

Kafin ka ce dokinka fitinanne ne, duba jikinsa. Ɗaga sirdi ka shafa gadon bayansa, ko akwai miki ko kumburi. Duba majayi ko ya matse fiye da kima. Buɗe bakinsa, domin turamen doki suna yin kaifi a gefe, su yanki kumatu da harshe, kuma wannan aikin likitan dabbobi ne. Sannan ka dubi abincinsa. Cikin doki ƙarami ne, an halicce shi ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Dokin da aka cika wa gero da dusa, aka rage masa harawa, aka ɗaure a turke kwana da kwanaki ba kilisa, ba zai tsaya maka ba ko ka yi yaya. Ƙarfi ne ya taru masa, dole ya nemi mafita.

Babban kuskuren dai a hannu yake. Linzaminmu na gargajiya, mai zoben da ke kama haɓa, yana da zafi ƙwarai. Mahayi ya ja, doki ya tsaya, amma hannun bai saki ba, wai kada ya sake tafiya. To me dokin zai fahimta? Ya yi abin da aka ce, zafin bai gushe ba, sai ya shiga neman wata hanyar tsira: ya ja baya, ya kaɗa kai, ya miƙe tsaye. Doki yana gane ya yi daidai ne a lokacin da aka sassauta masa. Saboda haka da ƙafafunsa huɗu sun tsaya, a daidai wannan daƙiƙar, saki kamazuru ya yi sako-sako, ka janye dugaduganka daga cikinsa, ka zauna sosai a sirdi, ka sauke numfashi. Yana jin duk wani ɗari-ɗari da ke jikinka.

Fara daga ƙasa, da ragama, a wurin da ya saba, kusa da barga. Ku yi 'yar tafiya tare, ka tsaya, ka faɗi kalma ɗaya da ba za ka riƙa canzawa ba, da murya ƙasa-ƙasa. In ya tsaya, ƙirga uku a zuciyarka, ka sosa masa gindin wuya inda geza ta ƙare, wurin da dawaki ke sosa wa juna, sannan ka ce a tafi. Dabarar ita ce ka riga shi: kai za ka ba da izinin tafiya tun haƙurinsa bai ƙare ba. Gobe ka ƙirga biyar, jibi goma, har a kai minti guda, har biyar. Gaggawa a nan ita ke mayar da aiki baya.

Zai motsa, babu makawa. Kada ka fizge shi, kada ka sa bulala ko ƙaimi. Mayar da shi inda yake a hankali, ka sake saki. In ƙafafunsa sun ƙi zama gaba ɗaya, kada ku yi kokawa. Sa shi ya yi kewaye biyu ko uku, sannan ka sake ba shi damar tsayawa. Sannu a hankali zai gane cewa hutu yana cikin tsayuwa. Shi ya sa na fi son a yi wannan darasi bayan an dawo kilisa, jikinsa ya ɗan saki.

Akwai bambanci tsakanin dokin da ya natsu da wanda ya sandare don tsoro. Na biyun kai a sama, wuya a ƙage, farin ido a waje, kuma shi ne ke zabura ba sanarwa. Wanda ya natsu zai sauke kai, ya yi ajiyar zuciya, ya lashi baki, leɓensa na ƙasa ya saki, wani lokaci ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya dogara da bakin kofato. Wannan kake nema kafin ka ƙara masa lokaci.

Wajen hawa ma haka. Idan ka sa ƙafa a likkafa ya fara tafiya, sauko ka mayar da shi. Bayan ka zauna, kada ka tashe shi nan take. Gyara rawaninka, ka ɗan dakata. Kuma ka ja kunnen yaran barga su bi wannan ƙa'ida, don in kai kana saki su suna fizga, aikinka ya rushe.

Sai ya iya a gida za ka kai shi bakin hanya, inda babura ke wucewa, daga nan wurin makaɗa, yana jin ganga daga nesa, ana matsowa kaɗan-kaɗan. In da hali, tsayar da shi kusa da tsohon doki da ya sha hawa, domin doki dabbar garke ce, yana kwaikwayon na kusa da shi. Ka fara wannan tun watanni kafin azumi, ka kuma riƙa share masa ƙudaje lokacin darasi, musamman da damina.