Bulus a Cikin Jirgi: Jagorancin Wanda Ba Shi da Sarauta

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:9-44. Aya ta haddacewa: 27:25.

A cikin ikilisiyoyinmu na Kwoi da kewaye akwai waɗanda akan keɓe su yi hidimar ruhaniya a wuraren aiki, kamar asibiti, da makaranta, da bariki, da kurkuku, har da kamfanoni. Irin wannan mutum muke kira faston ma'aikata. Aikinsa da wuya yake, gama yana ganin abin da ya lalace, mutane kuma suna kawo masa kukansu, amma ba shi da ikon ɗaukar kowa aiki, ko korarsa, ko ƙara masa sisin kwabo. To, ƙaƙa zai yi ya kawo gyara?

Wannan hidima ba sabuwa ba ce. A shekarar 1944 Bishop Leslie Hunter ya aiki wani fasto, Ted Wickham, zuwa masana'antun ƙarfe na Sheffield a Ingila. Wickham bai shiga da wani iko ba, sai da yardar masu wurin, yakan kuwa yi magana da ma'aikata a lokacin hutun cin abincinsu. A ƙasarmu kuma, tun da hanyar jirgin ƙasa ta mai da Kafanchan mararraba a 1927, mutanen kabilu da addinai dabam dabam suke cin abinci a wurin aiki ɗaya. Bari mu ga abin da Manzo Bulus ya yi a irin wannan taro.

1. Ya faɗi gaskiya tun da sauran lokaci (aya 9-12)

Jirgin na Iskandariya ne, yana ɗauke da alkama da mutum 276. Masu iko a cikinsa su ne Yuliyas jarumin soja, da matuƙi, da mai jirgin. Bulus kuwa ɗan sarƙa ne ana kai shi Roma. Duk da haka, da ya ga lokacin tafiya a teku ya wuce, ya gargaɗe su cewa za a yi hasarar kaya da ta rai. Jarumin ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin, aka tashi. Mu lura, Bulus bai zuga 'yan sarƙa su yi bore ba, bai kuwa yi zuciya ya janye jikinsa ba. Faston da ya ga ana jinkirta kuɗin matan da suke tsaga citta da shanya ta, ya kamata ya tafi wurin mai ikon biya ya faɗa masa a fili, da ladabi, tun abin bai zama faɗa ba. Watakila a ƙi maganarsa. Amma ya sauke nauyinsa, ranar da abin ya faru kuwa za a tuna da wanda ya faɗa.

2. Ya zauna tare da su cikin hadari (aya 13-26)

Guguwa ta fyauce jirgin, aka yi kwanaki ba a ga rana ko taurari ba, har kowa ya fid da zuciya ga tsira. A nan ne muryar ɗan sarƙa ta sami shiga. Ya tuna musu da gargaɗinsa a taƙaice, sa'an nan ya wuce zuwa ga ƙarfafa zukatansu da alkawarin da Allah ya yi masa. Sun saurare shi domin ruwan da ya jiƙa su shi ma ya jiƙa shi. Mun ga irin wannan hadari a 2023, sa'ad da cuta ta ci gonakin citta a kudancin Kaduna, manoma da 'yan kasuwa da 'yan dako suka rasa abin da suka dogara da shi. Wanda ya bi gidajensu a wannan shekara, shi ne suke ji yau. Wanda ba a ganinsa sai ranar buki, ya yi addu'ar buɗe taro ya tafi, maganarsa ba ta da nauyi.

3. Ya bi ta hannun masu iko (aya 27-32)

A dare na goma sha huɗu ma'aikatan jirgin suka zura ƙaramin kwalekwale domin su tsere, suna yi kamar za su saki anka. Bulus ya gane wayonsu. Bai fizge wuƙa ya yanke igiya da kansa ba. Ya faɗa wa jarumin da sojoji cewa in waɗannan ba su zauna ba, babu mai tsira, sojoji kuwa suka yanke igiyoyin. Aikin fasto shi ne ya sa mai iko ya ga abin da bai gani ba, sa'an nan ya bar masa hukunci, har da yabon. Amma a nan akwai tarko. Sau da yawa shugabannin wurin su suke biyan faston, za su kuwa so ya zama kunnensu. Bulus ya tona abin da zai hallaka rayuka kaɗai. Asirin da ma'aikaci ya faɗa cikin hawaye amana ce, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ran da aka gane fasto ɗan rahoto ne, ran nan hidimarsa ta ƙare.

4. Ya kula da jikunansu, dukansu (aya 33-44)

Gab da asuba ya roƙe su su ci abinci. Ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah a gabansu duka, ya fara ci, su ma suka sami ƙarfin hali suka ci. Ya sani da ruwan ciki ake jan na rijiya, mai yunwa kuwa ba ya iya iyo. Masu bi kaɗan ne a jirgin nan, amma ya nemi tsirar kowa, har da sojojin da daga baya suka yi shawarar kashe 'yan sarƙa. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Ba mu manta da rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris 1987 ba, da yadda ya bazu zuwa Kaduna da Zariya. Faston da yake neman haƙƙin Kirista kaɗai, ya yi shiru sa'ad da aka zalunci Musulmi abokin aikinsa, yana huda jirgin da shi kansa yake ciki. Bulus bai ɓoye bangaskiyarsa ba, bai kuwa mai da gurasa abin ciniki ba. A ƙarshe jirgin ya farfashe, alkama ta tafi, amma mutum 276 suka kai gaɓar Malita lafiya.

Ya ku 'yan'uwa, darasin nan ba na fastoci kaɗai ba ne. Bishara ta iso Kwoi ta hannun SIM a 1910, yawancin waɗanda suka kai ta ƙauyuka kuwa talakawa ne marasa rawani. Malamar asibiti, da masinja, da direba, kowa yana cikin wani jirgi wanda ba shi ne matuƙinsa ba. Bari mu riƙe gaskiya da amana a inda Ubangiji ya ajiye mu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Don me jarumin ya ƙi maganar Bulus a aya 11, amma ya karɓe ta a aya 31 da 32?
2. Wane irin asiri ne ya wajaba fasto ya riƙe, wane ne kuma ya wajaba ya kai gaba?
3. A wurin aikinka, wane ne ake zalunta wanda ba ɗan ikilisiyarku ba? Me za ka yi dominsa a makon nan?

Abin addu'a: Mu roƙi Allah domin masu hidima a asibitoci da makarantun Kwoi da Kafanchan, ya ba su ƙarfin hali su faɗi gaskiya, da haƙuri sa'ad da aka ƙi ji.