Amsoshin Tambayoyinku: Kaset Ba Suna, Wa Ke Waƙa?

Wani mai sauraronmu daga Aujara ta ƙaramar hukumar Jahun ya gaji kaset-kaset a akwatin mahaifinsa, ba rubutu a jikinsu. Yana tambaya, ta yaya zai gane masu waƙar?

Malam, Allah ya jiƙan Baba. Ka fara kasa kunne ga kiɗan kafin murya. In ka ji kalangu da 'yan amshi, ka zargi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. In tsirkiya ɗaya ce siririya, kuntigi, mutum shi kaɗai ba amshi, wannan Ɗan Maraya Jos ne. Kotso da kirarin sarakuna kuwa, Narambaɗa ko Ɗanƙwairo. A nan sunan sarkin da ake wasawa zai taimaka, domin Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne. Gurmi mai taushi, na gida ne, Haruna Uji na Haɗeja. Ni dai kiɗansa ba ya ɓace mini.

Masu jaz na Amurka ma haka suke yi: mujallar DownBeat kan sa wa mawaƙi faifai, ya faɗi mai busa ƙahon da kunne kawai.

Kaset-kaset ɗin da suka gagare ka, kai wa dattawan kasuwar Aujara su saurara.