Yadda Ake Guge Ɗinki da Sa Gefe a Bargon Haɗe-haɗen Ƙyalle

Duk wadda ta taɓa zama a shagon tela ta san buhun nan da ake turawa ƙarƙashin tebur, cike da ragowar atamfa da shadda. Da irinsu ake yin bargon haɗe-haɗe: a yanka ƙyallaye daidai wa daida, a jera, a ɗinke, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a rufe da yadi ta baya. Amurkawa sun daɗe da wannan sana'a, har 'yan Amish na jihar Pennsylvania suka yi suna da barguna masu faffaɗan gefe. Haɗa ƙyallayen ba ya ba mai koyo wuya sosai. Wurin guga da wurin sa gefe ne aiki ke ɓaci, kuma sanadin ɗaya ne, wato jan ƙyalle.

Tun kafin ki sa almakashi, ki wanke ƙyallayen. Wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa bayan wanki, gara ki gani yanzu. Ki kuma tsayar da faɗin ɗinkinki a kan kwata ɗin inci, kimanin milimita 6, daga farkon aiki har ƙarshensa.

Da kin zo guga, ki ajiye irin gugar da kika saba yi wa kayan sawa. A can ana tura dutsen guga gaba da baya. A nan ɗorawa ake yi, a danna, a ƙirga uku, a ɗaga, a matsa gaba. Ƙaramin ƙyalle ba ya jure turi, musamman wanda aka yanka a karkace mai kusurwa uku. Turi ɗaya ya isa ya miƙar da shi, kuma ba zai koma ba.

Da farko ki danne ɗinkin a rufe, yadda ya fito daga keke, domin zaren ya nutse cikin yadin. Sai ki sa ƙyalle mai duhun launi a sama, ki buɗe shi, ki bi layin da yatsa, sannan ki ɗora dutse ta fuskar aikin. Haka rarar ɗinkin za ta kwanta a bayan mai duhun, ba za a hango ta ta cikin farin yadi ba. Ki duba da kyau kada wani ɗan ninki ya ɓuya a bakin layin. Abin kamar ba komai, amma idan kowane ɗinki ya cinye rabin kwata na inci, ɗinki 10 sun cinye inci ɗaya da kwata, layin ya gajarce ke nan.

Ga dabarar da na fi so a duk aikin. Layi na farko ki kwantar da rararsa duka zuwa dama, na biyu zuwa hagu, na uku dama. Idan kin zo haɗa layukan, rarar sama da ta ƙasa za su cije juna, har za ki ji da yatsa sun zauna. Kusurwoyi sai su haɗu cif, kauri kuma ya rabu biyu. Inda ɗinki da yawa suka taru wuri guda, kamar cibiyar tauraro, ki buɗe rarar biyu ki danne, in ba haka ba za ta yi ƙulu har allura ta karye a kai.

Ni ban cika son tururi ba sai ƙyallen ya gama zama, domin jiƙaƙƙen yadi ya fi saurin miƙewa. Dutsen gawayi yana da kyau saboda nauyinsa, sai dai ki shimfiɗa farin ƙyalle a kan aikin don toka. Yadi mai roba kuwa ki rage masa wuta.

Sai gefe, wanda shi ne ya ba ni kunya a bargona na farko. Na yanko dogon ƙyalle, na ɗora a bakin bargon, na taka keke har ƙarshe, na datse abin da ya ragu. Da na shimfiɗa a ƙasa sai ga baki yana tashi yana sauka kamar siket mai tattara. Dalili kuwa, bakin bargo ya sha hannu, ya miƙe, ya fi cikinsa tsawo. Wadda ta bi bakin ta tabbatar da miƙewar ne da zare.

Don haka ki shimfiɗa aikin a wuri mai bai ɗaya, kada ki ja. Ki auna tsawonsa ta tsakiya, sannan ta ɓangaren dama da na hagu, kaɗan daga ciki. A ce kin sami inci 60, da 60 da rabi, da 59 da rabi. Awonki 60 ne. Ki yanka gefe biyu, kowanne inci 60 daidai. In kina son faɗinsa ya fito inci 5, ki yanka 5 da rabi saboda ɗinki. Ya fi kyau ki yanka bisa tsawon turmi, wato gefen da ake buga sunan kamfani, domin ta nan yadi ba ya miƙewa sosai. Shi kansa bakin mai rubutun ki cire shi. In dole sai kin yi ƙari, ki haɗa a karkace, ido ba ya saurin kama shi.

Ki ninka gefen biyu, ki ƙara ninkawa, ki sa alama da alli. Ki yi wa bakin bargon haka. Ki haɗa tsakiya da tsakiya da fil, ƙarshe da ƙarshe, kwata da kwata, sannan ki cike tsakaninsu da fil, kada ki yi rowarsa. Za ki tarar ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Wanda ya fi tsawon shi za ki sa a ƙasa, haƙoran keke za su shanye rarar a hankali. Ki bar keke ya ja da kansa, hannunki jagora kawai yake yi.

Ki danne ɗinkin, ki kwantar da rarar zuwa wajen gefen. Yanzu ki sake awo ta faɗi, har da gefe biyun da kika sa, ta tsakiya dai, ki yanka na sama da na ƙasa. In za ki ƙara zagaye na biyu na gefe, sabon awo za ki yi, kada ki dogara da lissafin takarda.

Idan kin gama, ki ninka bargon kusurwa kan kusurwa ki ga ko sun haɗu. In ba yau za ki sa auduga ba, ki zagaye bakin da ɗinki ɗaya, rabin kwata na inci daga baki, don kada layukan su warware. Sai ki rataye shi a kan sanda mai tsabta ko ki shimfiɗa a kan gado, fuskarsa a ƙasa.